Ɗigar Fitsari Ga Yaran da Suka Riga Suka Iya Zuwa Bayan Gida

Akwai wani abu da kan faru a gidaje da dama wanda ba a cika zama a yi zancensa ba, sai dai a yi faɗa a kansa. Yarinya ce 'yar shekara biyar ko shida. Ta rabu da nafkin tun tana da shekara biyu, ta iya ɗaukar 'yar butarta ta zaga da kanta, har ma takan kwana ba ta jiƙa shimfiɗa ba. Amma kusan duk ranar da ta dawo daga makaranta, uwa ta zo cire mata kaya, sai ta tarar da kamfai da danshi. Fitsarin bai kai ya kwarara ƙasa ba; ɗan tabo ne kamar faɗin tafin hannun yarinyar, sai kuma zarni. In an tambaye ta sai ta ce ita ba ta sani ba. Uwa ta ce ƙarya ce, wasa ne ya ɗauke mata hankali. Kaka ta ce sangarta ce. Yayarta kuwa ta sami abin tsokana. Ranar da haƙurin uwa ya ƙare sai a kai ga bulala, washegari kuma kamfai ya sake jiƙewa.

A mafi yawan lokuta, yarinyar nan gaskiya ta faɗa da ta ce ba ta sani ba.

Ya kamata tun farko a rarrabe wannan matsala da wasu biyu da sunayensu suka yi kama da nata. Fitsarin kwance shi ne wanda ke zubowa yaro yana barci, kuma yawanci mafitsara kan juye ne gaba ɗaya. Yoyon fitsari kuwa lalura ce ta mata, wadda doguwar naƙuda kan haddasa idan ta huda mafitsara. Abin da ake magana a kai a nan dabam ne: ɗan fitsari kaɗan da ke kuɓuce wa yaro da rana, ido biyu, bayan an ɗauka ya gama koyon riƙewa.

Abin ya yawaita fiye da yadda ake zato. A shekarar 1990 wasu masana a ƙasar Suwidin sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan yara fiye da 3,500 'yan shekara bakwai masu shiga makaranta. Sun sami cewa kimanin kashi 6 cikin 100 na 'yan mata, da kusan kashi 4 cikin 100 na yara maza, suna jiƙa wando da rana. In aka auna da wannan lissafi, ajin firamare mai yara 60 zai iya ƙunsar uku masu wannan matsala, kowannensu yana tsammanin shi kaɗai ne.

Yadda mafitsara ke aiki

Ƙoda biyu da ke jikin ɗan Adam ba su hutawa. Dare da rana suna tace jini, abin da suka tace kuma yana gangarowa ta wasu siraran bututu biyu zuwa cikin mafitsara, ɗigo bayan ɗigo. Ita mafitsara jaka ce ta tsoka da ke cikin mara, wadda za a iya kwatanta ta da salka. An ɗora mata ayyuka biyu masu karo da juna. Yawancin yini aikinta shi ne ta saki jiki, ta yi ta buɗewa tana karɓar fitsari ba tare da ta matse ba. Sa'an nan, na ɗan lokaci ƙanƙane, ta matse da ƙarfi ta fitar da duk abin da ta tara.

A bakin mafitsara akwai tsoka mai zagaye da ke tsuke hanya kamar yadda zariya ke tsuke wando. Hawa biyu ce. Ta ciki tana aikinta ne ba da sanin mutum ba, ta waje kuwa ita ce wadda mutum kan matse da gangan idan fitsari ya kama shi a inda babu halin yi. Domin fitsari ya fita yadda ya kamata, dole jakar ta matse a daidai lokacin da zariyar ta saki. Wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa, kusa da inda ta haɗu da laka, shi ke daidaita waɗannan biyu. Wani likita ɗan Ingila mai suna Barrington ne ya nuna wurin a shekarar 1925, ta hanyar gwaje-gwajen da ya yi da kyanwoyi a Landan, kuma har yau masana na kiran wurin da sunansa.

Jariri yakan yi fitsari wajen sau 20 a yini. Da mafitsara ta ɗan cika sai ta juye. Tsakanin shekara biyu zuwa huɗu ne yaro kan koyi sarrafa ta, kuma koyon hawa-hawa ne. Da farko ya fara gane cewa mararsa ta cika. Daga nan ya koyi matse zariyar waje har ya isa makewayi. Mataki na ƙarshe, wanda ya fi jinkiri, shi ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa ya ƙware wajen umartar ita kanta jakar da ta kwanta, kada ta fara matsewa sai an ba ta izini. To, a nan ne iyaye kan yi kuskuren lissafi. Yaro yakan iya tsugunno da tsarki, ya iya cewa “zan yi fitsari”, tun kafin wannan mataki na ƙarshe ya kammala. Ana ganinsa ya iya, alhali aikin cikin bai ƙare ba. Wannan ya sa ƙungiyar ƙwararru ta duniya mai nazarin riƙon fitsari ga yara, wadda ake taƙaita sunanta da ICCS, ba ta ɗaukar jiƙa wando a matsayin lalura sai yaro ya cika shekara biyar.

Sa'an nan ga ƙanƙantar jakar. Likitoci suna da wani sauƙaƙan lissafi na ƙiyasta abin da mafitsarar yaro za ta iya ɗauka: a ƙara ɗaya a kan shekarunsa, a ninka da 30, abin da ya fito shi ne adadin mililita. Ɗan shekara biyar ke nan mililita 180 ne, wato ɗan abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na ledar ruwan nan mai mililita 500 da ake sayarwa a bakin titi. Babban mutum kuwa yakan riƙe mililita 400 zuwa 600. Yaro mai lafiya yakan yi fitsari sau huɗu zuwa bakwai a yini. Babba da ke cewa yaro “ai yanzu ka yi, ka riƙe mana” yana auna shi ne da mafitsarar da ta ninka tasa sau biyu ko uku.

Jaka mai gaggawa, da yaro mai jinkiri

Babban dalilin ɗigar fitsari shi ne mafitsara mai gaggawa, wadda kan fara matsewa ba zato tun ba ta cika ba. Yaro yana zaune ƙalau sai kawai fitsari ya taso masa gaba ɗaya. Zai matse zariyar waje iya ƙarfinsa, yawanci ya ci nasara, amma kafin nan 'yan ɗigo sun riga sun wuce. Mai lura zai gane irin wannan yaro daga motsinsa: ya harɗe ƙafafu, ya yi ɗage, ya kama gabansa, ko ya yi ta rawar da ba kiɗa. 'Yan mata suna da wata dabara ta musamman, su durƙusa farat ɗaya su danna diddige a tsakanin cinyoyi, su yi shiru kamar suna kallon wani abu a ƙasa. Wani likita mai suna Vincent ya bayyana wannan durƙuso a shekarar 1966, ya kamanta shi da russunawar gaisuwa irin ta matan Turai. Malamin da ya ga yarinya ta yi haka a filin wasa, ya san kokawa take yi da mafitsararta.

Akwai kuma yaron da mafitsararsa lafiya lau take, shi ne ke jinkirta mata. Wasa ya yi daɗi, ko ana kallon talabijin, ko ya riƙe wayar yayansa, sai ya yi ta dannewa har jaka ta cika ta tumbatsa. A nan uwa tana da gaskiya da ta ce wasa ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Yaron da ya saba dannewa yakan kai matsayin da ba ya ma jin saƙon cikar sai abu ya ƙure, kamar yadda mai gida kusa da injin niƙa kan daina jin ƙararsa.

Wasa kuma ba shi kaɗai ke sa yara jinkiri ba. Yaro ya sha koko ko shayi da safe, ya shiga aji, ba zai dawo gida ba sai bayan azahar, wani ma daga nan Islamiyya zai wuce. In makewayin makaranta ya ƙazantu, ko ba shi da ƙyaure, ko babu ruwan tsarki, ko ramin masai ya yi faɗin da ƙaramin yaro ke tsoron faɗawa, to yaron zai gwammace ya riƙe har gida. In kuma malami mai tsanani ne, wanda ɗaga hannu a ce “Malam, zan fita” kan jawo tsawa, nan ma riƙewa zai yi. Dokar hana fita ana tsakiyar darasi tana da dalilinta a ajin manya. A aji ɗaya da aji biyu na firamare kuwa, doka ce da aka kafa wa gaɓar da ba ta jin doka.

Maƙwabcin da ba a zargi

Dalilin da aka fi mantawa da shi ba ya cikin mafitsara sam. Ƙarshen babban hanji, inda kashi ke taruwa kafin ya fita, yana jingine ne da bayan mafitsara, kuma jijiyoyin da ke kai saƙo gare su daga yanki ɗaya na laka suka fito. Idan yaro yana fama da taurin bayan gida, busasshen kashi yakan taru ya kumbura wannan wuri, ya danne mafitsara, ya rage mata fili, ya kuma riƙa tsokanarta tana matsewa ba dalili. Ƙari a kan haka, yaron da kashi ke yi masa zafi yakan saba da tsuke tsokokin ƙasan mara, har ya kasa sakinsu sosai lokacin fitsari, sai mafitsara ta riƙa rage saura.

A shekarar 1997 wata likitar yara a Jami'ar Iowa ta Amurka, Vera Loening-Baucke, ta buga nazarin da ta yi a kan yara 234 masu daɗaɗɗen taurin bayan gida. Kashi 29 cikin 100 nasu suna jiƙa wando da rana, kashi 34 kuma suna fitsarin kwance. Aka yi musu maganin ciki. A cikin waɗanda cikinsu ya warware, ɗigar rana ta ɓace ga kashi 89 cikin 100, fitsarin kwance kuma ya ɓace ga kashi 63. Mafitsara ta gyaru ne don an sauke mata kayan da maƙwabcinta ya jingina mata.

Wahalar ita ce iyaye ba su cika sanin halin cikin yaro ba da zarar ya fara zagawa shi kaɗai. Ƙari kuma, yaro na iya zuwa bayan gida kullum amma yana fitar da kaɗan ne ya bar mai yawa. Alamun da za a duba su ne kashi mai tauri kamar na akuya, ko mai kaurin da ya wuce misali, da yawan nishi, da ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, da ɗan shafin kashi a wando wanda akan ɗauka rashin iya tsarki ne.

Fitsarin da ya ɓata hanya

Wata irin ɗiga ta keɓanta ga 'yan mata, kuma lokacin zuwanta shi ke tona ta: minti biyar zuwa goma bayan yarinya ta gama fitsari ta miƙe. Dalili kuwa shi ne, idan ta zauna a kan fo ko masai na zama da cinyoyi a haɗe, ko ta tsuguna ba ta sauke kamfai ya wuce gwiwa ba, wani ɓangare na fitsarin yakan koma baya ya taru a cikin farji. Tana tashi ta fara tafiya sai ya zubo. Mafitsararta ba ta yi laifin kome ba. Gyaran ma ba ya bukatar ko ƙwaya ɗaya: ta sauke kamfai har idon sawu, ta buɗe ƙafafu sosai, ta ɗan dakata bayan ta gama. In masai na zama ne, wasu likitoci kan ce ta zauna tana fuskantar bango, domin hakan na tilasta buɗe ƙafa. Tsugunnon gargajiya, in an yi shi daidai, ya fi kujerar Bature dacewa da ƙaramar yarinya a wannan fanni.

Yara maza su ma suna da tasu. Mai sauri ya koma ƙwallo yakan ja wando tun saura bai gama fita daga bututu ba. Wanda ba a yi wa kaciya ba tukuna kuwa, ɗan fitsari kan maƙale a ƙarƙashin loɓa ya ɗigo daga baya.

Akwai kuma wadda dariya ce kawai ke kwance mata mafitsara, kuma in ta kwance takan juye duka. An fi ganin wannan ga 'yan mata da suka fara tasawa, yawanci kuma yakan ragu da girma. Haka nan yaron da ya yi watanni a bushe yana iya komawa jiƙa wando idan rayuwarsa ta girgiza, kamar a ce an yi masa ƙane, ko an kai shi riƙo, ko iyaye sun rabu.

Abin da bulala ke sayowa

A shekarar 1979 wani masanin halayyar yara a Amurka, Kaoru Yamamoto, ya ba 'yan firamare jerin abubuwa 20 ya ce su auna masa yadda kowanne zai tayar musu da hankali. Jiƙa wando a cikin aji ya fito a sahun gaba, dab da mutuwar uwa ko uba da makancewa, ya ma ɗara faɗan iyaye. Yaron da ke ganin abu da wannan girma ba zai yi shi don jin daɗi ba, kuma ba ya bukatar a ƙara masa tsoro. A ƙasar Hausa ma an san yadda sunan “amalala” kan bi mai fitsarin kwance har ya girma, mai ɗigar rana kuwa tasa ta fi muni, domin a gaban 'yan ajinsu abin ke faruwa.

Duka da gori suna da sakamakon da ake iya gani a jiki. Yaron da ke tsoro yakan ɓoye jiƙaƙƙen kamfai ya yini da shi, fata ta saɓule, zarni ya ƙaru. Yakan kuma yi wa kansa dabara ya daina shan ruwa. Fitsari sai ya yi kauri ya yi ja, ya ƙara tsokanar mafitsara, kashi kuma ya ƙara bushewa, musamman a watannin bazara. Da haka hukuncin da aka yi don a tsayar da ɗiga yake ciyar da abubuwan nan biyu da ke haddasa ta.

Abin da ke aiki ya fi wannan sauƙi, sai dai yana son haƙuri na makonni. A riƙa tura yaro fitsari a kan lokaci, duk bayan awa biyu zuwa uku, ko ya ji ko bai ji ba: da ya tashi barci, kafin ya fita, lokacin tara, da ya dawo, da sauransu. Lokutan salla ma ma'auni ne mai kyau da kowa a gida zai iya tunawa. Ya sha ruwa sosai da safe da rana. A rage masa shayi mai ƙarfi da lemon kwalba irin na kola, domin sinadarin kafin da ke cikinsu yana ƙara yawan fitsari. A ƙara masa abin da ke sassauta ciki, irin su wake da zogale da alayyafo da gwanda da mangwaro. In ya tsuguna kada a tsaya masa a ka ana azalzala. A sa masa wani kamfai a jakar makaranta, a kuma yi magana da malaminsa a keɓe domin a ba shi izinin fita ba sai ya roƙa a gaban jama'a ba. Yabo kuwa a yi shi a kan abin da yaro ke da iko da shi, wato zuwa makewayi a kan lokaci. Bushewar wando za ta biyo baya da kanta.

Ɗalibin sakandare da ke da ƙane mai wannan matsala zai iya yin ɗan binciken da likitoci da kansu kan nema. Ya sami gora mai ma'auni da littafi, ya yi kwana biyu, kamar Asabar da Lahadi, yana rubuta lokacin da yaron ya sha ruwa, da lokacin da ya yi fitsari da yawansa, da lokacin da wando ya jiƙe, da ranar da ya yi bayan gida. Fitsari sau takwas ko fiye, kaɗan-kaɗan, yana nuni ga mafitsara mai gaggawa. Sau uku ko ƙasa da haka, mai yawa, yana nuni ga mai jinkiri. Danshi jim kaɗan bayan fitsari kuma ya nuna wanda ya ɓata hanya.

Lokacin da ba a jira

Wani lokaci ɗigar saƙo ce daga wata cuta, kuma a nan zama a gida kuskure ne. Zafi lokacin fitsari, ko zazzaɓi, ko fitsari mai wari da gurɓata, suna iya nufin ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsara. An fi samun haka ga 'yan mata saboda gajartar bututunsu, shi ya sa ake koya musu tsarki daga gaba zuwa baya. In aka yi sakaci ƙwayoyin kan hau har ƙoda su bar mata tabo. Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da ke wanka a kududdufi ko madatsar ruwa alamar tsargiya ce, wadda ƙwan tsutsarta ke raunata bangon mafitsara. Tana da magani, kuma ba alamar balaga ba ce kamar yadda akan ɗauka a wasu ƙauyuka. Yaron da ya tsiri yawan ƙishirwa da yawan fitsari yana kuma ramewa, a gwada shi ciwon sukari a ranar, kada a kwana. Masu ciwon sikila su ma ƙodarsu ba ta iya kaurara fitsari yadda ya kamata, saboda haka suna yin mai yawa, kuma hana su ruwa haɗari ne. Haka kuma a kai yaro asibiti idan namiji ne da fitsarinsa ke fita da ƙyar, siriri, sai ya yi yunƙuri, ko in akwai wani rami ko ƙullutu ko tsiron gashi a ƙasan gadon bayansa, ko ƙafafunsa sun fara rauni. Ko babu ɗaya daga waɗannan, yaron da ya haura shekara biyar kuma gyaran gida na wata biyu ko uku bai canza kome ba, ya cancanci ganin likita, domin akwai magungunan kwantar da mafitsara da ba a sha sai da umarninsa.

Akwai wata yarinya kuma da iyayenta za su ce ba su taɓa ganin kamfanta a bushe ba tun da aka haife ta, dare da rana, alhali tana zuwa fitsari daidai kamar kowa. Irin wannan akan same ta da wani ƙarin bututu da ya taso daga ƙoda ya tsallake mafitsara, ya buɗe a ƙasa da zariyar. Fitsarin da ke bin wannan hanya ba ya ratsa ta inda za a riƙe shi, saboda haka ba horon da zai tsayar da shi. Yara maza ba su yin wannan ɗiga, domin ko an haife su da irin wannan bututu, a sama da zariyar yake buɗewa. Hoton ƙoda ne ke gano shi, aikin tiyata kuma yana gyara shi, yarinyar da ta yi shekaru ana yi mata faɗa ta koma gida da busasshen kamfai.